Gaisuwar da Ta Cinye Shanun Jumare

Duk wanda ya san Fakku ya san Jumare Arzika, mutumin da ba a taɓa jin ya yi kukan komai ba. Shekarar da wani bijimin sa ya taka shi har yatsu biyu suka karye, 'yan dubiya suka ce yaya ƙafa, ya ce lafiya lau. Matarsa Batula takan ce ko gidansu ke ci da wuta, in ka gaishe shi sai ya gama alhamdulillahi kafin ya nemi guga. Haka ubansa ya hore shi: a fara gama gaisuwa tsaf, in da magana sai ta biyo baya.

Gero da dawa yake nomawa, ga kuma garken da uban ya bar masa. Da ya haura hamsin sai ya gaji da ganin hatsinsa na jiran motar wani. Ya ce zai sayi a-kori-kura, kuma ba ta hannu ba, sabuwa dal, don kada ya sayi wahalar wani. Batula ta yi magana, ya ce ta yi haƙuri. Ya kaɗa shanun kasuwa, har da farar saniyar da uban ya fi so, bai bar komai a turke ba. A wani kamfani a Sakkwato aka miƙa masa makulli da takardar garanti ta shekara guda. Ranar da ya shigo gari da ita, kujerunta ma a cikin leda suke.

Sati uku ta yi tana tafiya. Ran nan, a hanyar Tambuwal, inji ya ɗau zafi ta mace. Aka ja ta zuwa Sakkwato, suka gyara, suka ce ƙaramin abu ne. Bayan wata guda ta sake, ciwon nan dai. Haka aka yi ta yi har sau huɗu, mota ta fi sanin garejin kamfani fiye da ƙofar gidan mai ita.

To, ga inda abin yake ba ni haushi. Duk lokacin da ya karɓo ta, bayan 'yan kwanaki sai wata yarinya ta kira shi daga kamfanin, da Hausarta irin ta rediyo, mai ladabi ƙwarai.

"Baba, ina wuni? Yaya gida? Yaya mota?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

"Madalla, mun gode," in ji ta, sai ta kashe.

A kira na uku yana zaune ne a bakin titi kusa da Dogon Daji, mota ta mace, albasar mutane da ya ɗauko tana dahuwa a rana. Ya amsa lafiya lau, ya gyara murya yana jira a gama gaisuwa ya kawo maganar, sai ya ji shiru. Ya dubi wayar ya ce yaran yanzu gaggawa gare su.

'Yarsa Rumasa'u, wadda ke koyarwa a firamare a Tambuwal, ita ta kasa jurewa. Saura wata ɗaya garanti ya ƙare ta kai shi wurin wani lauya, Ɗanmaliki, mutumin Jabo. Lauya ya saurara ya ce, "Baba, kana da hakki. Kayan da anka sayar maka sabo, ciwo guda ya riƙa dawowa, kana iya neman a canza maka. Mu dai tafi mu ji bakinsu." Jumare ya koma gida ranar har da fara'a, ya ce wa Batula ashe akwai doka.

Manajan kamfanin, Ziyad, ya karɓe su da ruwan sanyi. Ɗanmaliki ya jera bayani. Manaja ya bari ya gama, sannan ya juyo da kwamfuta ya danna. Sai ga muryar Jumare ta cika ofis: lafiya lau, alhamdulillahi. Ya sake dannawa, ga ta kuma. Kowace da kwanan watanta.

"Ga shi da bakinsa," in ji manaja. "Duk gyaran da muka yi, mun tambaye shi, ya ce ya gamsu."

Jumare ya ji kunya ta rufe shi kamar an kama shi da ƙarya.

"Ɗana, ai gaisuwa ce. Sau fuɗu nika kawo muku wagga mota."

"Baba, mu tambaya muka yi. In ta sake, kawo ta mu duba."

A waje Ɗanmaliki bai ɓoye masa ba. Ya ce ana iya kai ƙara, kuma ba lallai a faɗi ba, amma tafiyar doguwa ce, Sakkwato za a yi ta zarya, kuma muryar nan ita za a fara kunnawa. Jumare ya tambayi kansa da me zai yi zaryar, tunda abin sayarwa ya ƙare. Rumasa'u ta yi kuka a tasha. Shi ya rarrashe ta.

Duk da haka ta koya masa abin da zai ce in yarinyar ta sake kira. "Baba, kada ka gaisa. Ka ce ba lafiya, mota ta lalace." Ya yi ta maimaitawa a gona, yana jin nauyin kalmar a bakinsa kamar zagi. Wayar ba ta rabuwa da aljihunsa, har Batula ta ce ko budurwa ya yi. Wata ya cika, garanti ya ƙare. Ba wanda ya kira.

Mota ta yi mutuwarta ta biyar a bayan gari, maƙwabta suka turo ta gida. Babu wurin da zai ɗauke ta sai filin garke, don haka nan aka ajiye ta, tsakanin turakun da babu komai a jikinsu. Awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Har yau Jumare kan goge mata gilashi in ya dawo daga gona, don ba ya son a ga ƙazanta a kanta.

Shekaranjiya yana cikin gogewa Ɗangiwa, abokinsa na ƙuruciya, ya tsaya da babur a bakin danga.

"Jumare, barka da aiki. Ya mota?"

Jumare ya dubi turakun, ya dubi tsumman da ke hannunsa. Maganar da ya yi wata guda yana koyo ta faɗo masa a rai.

"Lafiya lau," in ji shi.