Ranar da Gwaggo Hajara Ta Fasa Bangon Banɗakinmu

Wata Asabar ce a bazarar 1997, ina 'yar shekara goma. Na dawo daga kai niƙa da kwanon garin gero a kaina, sai na tarar da abin da ban taɓa gani ba a layinmu na Gashua. Maƙwabcinmu Goni Modu ya shimfiɗa tabarmi uku a ƙofar gidansa, ya baje littattafansa a rana, takarda bayan takarda, kowace ya danne ta da guntun kasko don kada iska ta ɗauke. Rubutun hannu ne da ya gada daga kakansa, mu yara kuwa ko gafakarsu ba mu taɓa gani a buɗe ba. Ranar ga su a fili, tawada baƙa da ja da ruwan ɗorawa, gefen wasu ya jiƙe ya yi shatin ruwa. Shi kuma yana tsugune a tsakiyarsu, ko hula babu a kansa, yana ɗaga su ɗai-ɗai da yatsu biyu kamar mai taɓa ciwo. Na durƙusa na gaishe shi, bai ma ji ni ba.

Gidanmu ginin ƙasa ne kamar sauran gidajen unguwar. Kakanmu ne ya taso daga Hadejia da fataucin barkono, Baba kuma ya gaji sana'ar. Shekara biyu kafin wannan rana, Baba ya dawo daga wata tafiya kudu da sha'awar shawa. Ya sa aka yi banɗaki jingine da katangar da ta raba mu da gidan Goni, aka shafe cikinsa da siminti, aka ɗora duro a kan wani dogon dakali, bututun ƙarfe ya sauko daga can ya nutse cikin bango, sannan ya leƙo sama da kai ɗauke da wani faifan ƙarfe mai ƙananan huji. Famfon gari ba kullum yake kawo ruwa ba, don haka 'yan garuwa ne ke cika mana duron, ran da ba su zo ba kuwa mu ne muke miƙa bokiti daga hannu zuwa hannu a kan tsani. Ba mu taɓa ƙorafi ba. Ƙawayena na makaranta har layi suke yi bayan mun gama wasan carafke, don su ga an murɗa ƙarfe ruwan sama ya sauka a cikin ɗaki, alhali a waje rana tana ƙona tafin ƙafa.

Ni kuma ina da wani sirri. Idan na shiga wanka nakan taka bokiti in kama bututun da ya leƙo daga bango in yi lilo, ruwa yana dukan fuskata. Wata rana ina cikin lilon na ji wani ɗan ƙas a cikin bangon. Na sauka da sauri na duba, ban ga komai ba, na ja bakina na yi shiru. Bayan wasu makonni sai ciyawa ta tsiro a gindin katangar, kore shar a tsakiyar rani, har da ɗan tumatir da ba wanda ya shuka. Duro ya riƙa ƙarewa da wuri, Umma tana ta faɗa wai mun mayar da ruwa abin wasa. Ni dai duk lokacin da na ga ciyawar nan sai in kau da kai.

Bayan azahar a ranar Asabar ɗin, Goni ya yi sallama a zaurenmu. Baba ba ya gari, ya bi motar barkono, sai bayan mako biyu ake sa ransa. Umma ta tsaya a bayan labule, ni ina maƙale da ita. Cikin Hausarsa mai gardin Barebari, Goni ya ce bangon ɗakin littattafansa yana gumi, ya danna da yatsa ya ji ya lotsa kamar tuwo, kuma ɗakin yana daidai bayan banɗakinmu. Bai ɗaga murya ba, bai zargi kowa ba. Ya ce dai hadari ya fara haɗowa a gabas, idan ruwan farko ya sami katangar a haka, ba za ta tsaya ba. Umma ta aika a kira mai gyaran famfo, aka ce ya tafi wani aiki Dapchi, ba a san ranar dawowarsa ba. Ta zauna a bakin murhu ta yi tagumi, ta ce a juye duron kawai mu koma wanka da bokiti.

A lokacin akwai baƙuwa a gidan, Gwaggo Hajara, yayar Baba, wadda ke zaune a Nguru. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ta zo mana ziyarar wata guda. Siririya ce marar magana, wuni take a gindin dalbejiya tana ɗinkin hula, tabaranta ɗaure da zare. Mu a wajenmu tsohuwa ce da ba ta san komai ba sai allura da carbi. Sai muka ji ta ajiye hular ta ce juye duro ba zai isa ba, domin ruwan da ya riga ya shiga bango yana nan a kulle a bayan siminti, sai an buɗe masa hanya kafin ya bushe.

Ta sa na hau tsani da gawayi na ja layi a cikin duron daidai inda ruwa ya tsaya, ta hana kowa shiga banɗakin. Da aka yi la'asar na sake hawa, na tarar ruwan ya sauka yatsu uku ba tare da an taɓa shi ba. Daga nan ta ɗauko muciyar Umma, ta ce a dakatar da daka, a kore kaji waje, kowa ya yi shiru. Ban taɓa jin gidanmu ya yi tsit irin na ranar ba. Ta kafa kan muciyar a jikin bango, ta sa ɗaya bakin a kunnenta, ta rufe ido. Ta matsa taki guda, ta saurara, ta ƙara matsawa, ta yi ƙasa, ta dawo sama. Mun fi rabin sa'a a tsaye muna kallonta kamar masu kallon mai duba. Can sai ta tsaya, ta yafito ni, ta ɗora mini muciyar a kunne. Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Sai ga wani siririn sauti daga can cikin ginin, kamar kukan gyare daga nesa, ba ya yankewa. Bangon da nake gani kullum a bushe, ashe magana yake yi. Gwaggo ta zana da'ira da gawayi a wajen, ta ce a nan yake.

Da na ga da'irar tana daidai ƙasan inda nake lilo, sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗi komai, da bokitin da nake takawa da ƙarar da na ji. Umma ta miƙe za ta kamo ni, Gwaggo ta ɗaga mata hannu, ta ce a bari sai an ga cikin bangon tukuna.

Washegari da hantsi muka juye ruwan duron a randuna da tukwane da duk wani mazubi da ke gidan. An aro guduma da wata doguwar ƙusa da sifana biyu daga mai gyaran keke na bakin titi. Gwaggo ta cire mayafinta ta ɗaure ƙugu da shi, ta naɗe hannun riga. A nan ne Umma ta kasa daurewa.

"Yaya, idan Alhaji ya dawo ya ga an fasa masa gini fa?"

"Ki ce masa wadda ta goye shi ce ta fasa."

Ta kafa ƙusar ta fara bugu, ba da ƙarfi ba, a hankali take bin layin gawayin tana ɓamɓare simintin kamar mai ɓare ƙwai. Da ɓawon ya faɗo sai wani warin danshi ya bugo mu, jar ƙasa ta zubo a jiƙe sharkaf. Ta sa hannu ta yi ta kwasowa har bututun ya bayyana, a daidai inda ya lanƙwasa kamar gwiwa. Wajen ya yi ja da tsatsa, ga tsaga siririya kamar gashi. Ta kankare da farce, ƙarfen yana zuba gari-gari. Ta jawo ni kusa ta nuna mini, ta ce tun ran da aka binne shi ba fenti ruwa yake cinsa, ko ba ni ba da sai ya fashe. "Ke dai kin hanzarta shi ne," in ji ta, "kuma da kin faɗa da wuri, da littattafan bawan Allah ba su jiƙe ba." Maganar nan ta fi mini bulala zafi.

Gwiwar ta ƙi kwancewa. Ta ɗiga mata kananzir, muka jira har rana ta take, sannan ta riƙe bututun da sifana ɗaya, ta murɗa da ɗayar. Na ga jijiyoyin hannunta sun miƙe, hannun da na ɗauka allura kaɗai yake iya riƙewa. Ƙarfen ya yi ƙara ya saki. Ta ba ni tsohuwar gwiwar na kai kasuwa aka ba ni irinta, bayan ta gargaɗe ni in gwada bakinsu da idona kafin in karɓa. Kafin in dawo ta kwance kan shawar ta jiƙa shi a ruwan tsamiya, gishirin ruwan da ya toshe hujin ya narke, tana bin sauran da allurar ɗinkinta.

Tana cikin warware zaren buhu tana naɗa shi a bakin bututun, tana shafa masa ragowar fentin ƙofa, Umma ta tambaye ta inda ta koyi wannan aiki. Gwaggo ta ƙara naɗa zaren zagaye biyu. Sannan ta ce mijinta, Malam Habu, shi ne yake kula da tankin ruwa da bututai a tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Da ya bar aiki mutane suka ci gaba da kawo masa gyara gida, famfo da fitila da risho. Sai hannunsa ya fara rawa, har ta kai ko kofi ba ya iya riƙewa. Bai so a sani ba, domin mutum ne da aka san shi da hannunsa. Don haka yakan karɓi aiki a zaure ya shigo da shi ciki, ya zauna a gefenta yana faɗa mata, ita tana yi. Idan aikin cikin wani gida ne, sai ta shiga kamar mai zuwa gaisuwa, da kayan aiki a ƙarƙashin mayafi. Matan unguwa sun sani, amma ba wadda ta taɓa faɗa wa mijinta. Shekara tara suka yi a haka. "Shi ido, ni hannu," ta ce, ta ci gaba da naɗa zarenta.

Da ta ɗaure sabuwar gwiwar muka mayar da ruwa, na sake jan layi da gawayi. La'asar ta yi, magariba ta yi, ruwan yana nan inda yake. Ta bar ramin a buɗe, ta aika wa Goni cewa ya kankare nasa ɓangaren, ya sa kaskon garwashi a ɗakin, ya bar ƙofa a buɗe. Kwana shida ana haka kafin ta cike ramin da sabuwar ƙasa ta shafe da siminti da tafin hannunta. Kwana biyu bayan nan ruwan farko ya sauka da iska mai ƙarfi, har ya ɗauke rufin wani shago a bakin kasuwa. Katangar ba ta motsa ba.

Goni ya dawo zaure yana tambayar wane magini aka samo, yana so ya gode masa. Gwaggo ta ce wa Umma a faɗa masa, ai wanda ake rufa wa asirin ya riga ya tafi. Da Goni ya ji, sai ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a ita da marigayin, irin doguwar addu'ar da yake yi wa manyan malamai. Baba kuwa da ya dawo, ya tsaya a banɗakin yana shafa sabon simintin da har yanzu akwai shatin yatsunta a jiki, Umma tana ba shi labari. Ya fito ya nufi gindin dalbejiya, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa a gabanta, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya ce, "Yaya, ashe duk shekarun nan ban san ki ba." Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ai bai taɓa tambaya ba.

Gwaggo ta rasu a Nguru ina ajin ƙarshe a sakandare. An rushe tsohon gidanmu an yi na bulo. Yau bututan gidana na roba ne, da gam ake haɗa su, idan wani wuri ya fara yoyo waya nake ɗauka, kafin in gama shan shayi mai gyara ya zo ya tafi, ko sunansa ban riƙe ba. Sauƙi ne, kuma ina godiya. Amma babu sauran wanda zai sa gida guda ya yi tsit don a saurari bango. Nakan tuna tsofaffin da na wuce suna zaune a inuwa, ban tambaye su komai ba.