Ranar Da Na Juyo Da Babur Daga Bakin Boda

Wautata ba ɓoyayya ba ce. Na daɗe ina ƙetara da gero da jarkokin mai ta bodar Jibiya, har na ɗauka duk abin da ya yi wa gida nauyi, in ya kai Maraɗi an rabu da shi. Shi ya sa da jikana, ɗan shekara goma sha huɗu, ya ci zarafin ƙaramar 'yar maƙwabcinmu, na zane shi, na ɗura masa rubutu, na aza shi a babur zan kai wa ƙanwata da ke Maraɗi ajiya.

A bakin boda na kira ta, na faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Yaya, ɗiyan da ke gidana na roba ne? Juya da shi."

Na juya. Dama nas ɗin da ta duba yarinyar ta ce a kai shi Katsina wurin likitan ƙwaƙwalwa, ni kuwa na ce jikana ba mahaukaci ba ne. Da sanin hukuma da na uban yarinyar muka tafi.

Likitan bai taɓa allura ba. Tambaya kawai: ina yake kwana, me yake kallo a waya, akwai wanda ya taɓa yi masa haka? Ashe a tasha, inda ni da kaina nake barin shi gadin kaya, wasu manya suke nuna masa ƙazanta. Na miƙe zan sulale, likita ya ce, "Baba, zauna, kai ma da saura." Ni da karatuna ya tsaya a allo, ga ni ana yi mini darasi da furfura.

Aka kafa mana doka: ba ya keɓewa da ƙaramin yaro, ba kwanan tasha, duk wata mu koma. Sai da ya iya faɗin abin da ya aikata ba tare da ya ɗora wa Shaiɗan ba.

Yau bakanike ne. In yara suka leƙa gareji, shi da kansa yake kiran babba ya zo ya tsaya. Bai sake ba, alhamdu lillahi.

Ina cikin wannan bugun ƙirji a ƙofar gida, uwar yarinyar ta wuce da tulu. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, naku ya warke. Tawa har yau zagaye take yi, ba ta bi ta ƙofarku."