Man kifi a kunun Baba

Shekarar da na gama jami'a a Yamai ciwon ƙoda ya kwantar da Baba. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fuska ta yamutse kamar ya ƙara shekara goma cikin damina ɗaya. A asibitin mishan na wajen Madawa aka ce ƙodar ta gaji, a rage gishiri, a rage nama. Mu abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ci. Tuwon dawa ya daina wucewa. Kunun tsamiya kaɗai yake karɓa, ludayi huɗu da safe, wani lokaci biyar, kuma da wannan yake riƙe da rai.

Na karanta a wata mujallar faransanci cewa ƙananan ƙwayoyin jikin mai ciwon ƙoda suna tsufa da wuri, kuma wataƙila man kifi yana rage saurin tsufan. "Wataƙila" suka rubuta, har na ja wa kalmar layi. Na tambayi wani ma'aikacin jinya a asibitin, Kirista mai sanyin magana. Ya ce shi bai sani ba, amma in tabbata tsohon yana ci. Ina jin rabin farko kawai na riƙe. Na sa aka sayo kwalba ɗaya a farmasi a Yamai, ta iso ƙauyenmu kusa da Tabotaki a saman motar kaya, cikin tsakiyar bazara.

Ƙwayoyi ne masu taushi, launin zuma. Na miƙa wa Inna, na ce ɗaya kullum, na tafi Buza neman aikin koyarwa. Ban ce mata haɗiyewa ake yi ba. A gidanmu ba a taɓa ba tsoho magani ya haɗiye ba. Saiwa ce ko ƙwayar nibakin ta zazzaɓi, a daka a zuba a kunu. Na san haka tun ina yaro, amma ban tuna ba.

Bayan kwana shida na dawo. Tun daga zaure wari ya tare ni, irin na ruɓaɓɓen kifi a bakin tabkin da ya ƙafe. Inna ta adana kwalbar cikin akwatin ƙarfe, zafi ya narkar da ƙwayoyin suka manne guri ɗaya. Na iske ta tana ɓalle guda, tana huda ta da allura, tana matsewa a ƙwarya. Man ya yi duhu, yana yawo a saman kunun, ƙudaje sun yi cincirindo a bakin ludayin.

"Inna, mi kike yi haka?"

"Maganinka na turawa mana. Ba kai ka ce kullum ba?" Ta rage murya. "Yau kwana huɗu bai sa komi bakinai ba."

Baba na kwance a tabarma, fuska ga bango. Bai juyo ba ya ce, "Malam ɗan lakkwal mai boko, ka zo? Sha ludayi guda. In ya zamna cikinka, ni ma in sha."

Na sha. Ban kai bayan rumbu ba na amayar da shi, ɗacin da ƙarnin suka maƙale mini a maƙogwaro har la'asar. Wannan ne aka riƙa kai wa bakin mutumin da ludayi huɗu ke riƙe da shi, kuma da sunana.

Na jefa kwalbar a masai. Inna ta goge ƙwaryar da toka har sau uku, warin ya riga ya shige ta, sai da aka fasa ta aka samo sabuwa da sabon ludayi. Da safe ta dama kunu. Baba ya daɗe yana shinshinawa, yana kallona, kafin ya sha ludayi biyu. Bai ƙara kaiwa huɗu ba.

Ya rasu bayan an gama yankan gero. Ma'aikacin jinyar ya ce ƙodar ce ta bi hanyarta, mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Ba zan iya cewa man kifi ba shi da amfani ba, wanda ya lalace ne na ba shi, ta hanyar da ba ita ba. Ba zan kuma iya cewa kwana huɗun nan ba su rage masa komai ba. Har yau in na shiga kasuwar Madawa, nakan kauce wa layin masu busasshen kifi, in zaga ta wajen masu albasa.