Masarar da Na Shanya a Kan Dutsen Jos

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk gidanmu babu mai wayona, na yi wa mahaifina wata 'yar ƙarya, ita kuwa ta hau mota ta bi ni har Jos.

Baba fataucin masara yake yi daga ƙauyukan Bakori da Funtuwa. Akwai wani Alhaji mai injin haɗa abincin kaji a Jos da suka daɗe suna hulɗa, har ta kai idan kayan Baba suka iso ba a ko buɗe buhu a duba. Sirrin ba wani abu ba ne, haƙori ne. Kafin a ɗinke buhu Baba zai ɗebi ƙwaya ya ciza. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta lotse, a mayar da ita rana. To a shekarar da nake ba ku labari haƙoransa na tauna sun zube, sai ya koma miƙo min ƙwayar in ciza in gaya masa.

Ni ban taɓa zuwa Jos ba, kuma Baba ya yi min alkawarin ni zan raka wannan lodin. Motar washegari za ta tashi. In aka ɗaga tafiyar, hutuna ya ƙare, na koma makaranta, ƙanen Baba ne zai je. Da ya miƙo min ƙwayar na ciza, wallahi na ji ta lotse. Amma bakina ya riga zuciyata.

"Ta bushe, Baba."

"To a ɗinke," in ji shi. Bai ko sake waiwayar buhunan ba.

Na ce a raina, ai iskar hanya za ta ƙarasa busar da ita. Wai iska, a cikin buhu, a ƙarƙashin tamfol! Ku dai ji hankalin ɗan boko.

Muka bi ta Zariya muka wuce Saminaka, hanya ta fara hawa, mota tana nishi. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai na saki baki ina kallon duwatsu, wani ɗore a kan wani kamar da hannu aka jera su. Ga sanyi, ga ni da 'yar kaftani shara-shara, domin a ganina wa zai ɗauki rigar sanyi da kaka? Direba ya tausaya ya ara min tasa, mai warin baƙin mai.

Alhaji ya tare ni da fara'a, yana tambayar jikin Baba. Ana cikin sauke kaya, wani mai dako ya ce buhun da ke bayansa yana da ɗumi. Alhaji ya sa aka farke bakin guda, ya zura hannu, ya daɗe bai fitar ba.

"Mahaifinka ne ya duba wannan?"

"Ni ne, Alhaji."

"Na ga alama. In na zuba ta a sito za ta yi fumfuna, kajin mutane su mutu. Ba zan kira mahaifinka yau ba. Amma in kwana uku suka cika ba ta bushe ba, zan gaya masa ya daina aiko min da kaya."

Sunan da Baba ya gina tun ban san hannun damana ba, shi zan rushe saboda yawon buɗe ido.

A bayan injin akwai wani falalen dutse mai faɗi. Da safe na sa masu dako suka taya ni baza masarar a kai. A wajenmu in ka yi shanya da hantsi sai la'asar ka dawo, don haka na samu gindin bishiya na miƙe ƙafa, har ina yaba wa kaina. Azahar ba ta yi ba na ji murya daga wani gida da ke gefen dutsen.

"Kai, yarona! Masaran wane ne wannan? Tashi ka kwashe, ruwa yana zuwa!"

Wata dattijuwa ce da hular saƙa da 'yar sarƙar gicciye a wuya. Na ɗaga kai, rana tarwai. Na ce, "Mama, ai babu hadari."

"Kai baƙo ne ko? Ka ga hazo a kan dutsen can? In ya zauna a wurin, ka gudu da shanyarka."

Ba ta tsaya gardama da ni ba. Ta ƙwala kira, mata suka fito da tsintsiya da kwanoni da baho, ana shara ana ɗiba ana kaiwa wani dogon ɗakinta na kaji da ta sayar da na ciki. Muna shigar da bahon ƙarshe ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Mama ta ɗebi ƙwaya ta ciza, ta harare ni. "Wanda ya ce ta bushe ba shi da haƙori." Na ce ai yana da su, gaskiya ce ba shi da ita. Na ba ta labarin duka. Ta yi dariya har da tafi, sannan ta ce, "Za mu gyara."

Haka muka yi kwana uku. Da safe masara ta sha rana a kan dutse, hazo na sauka a kwashe, a baza a ɗakin kaji a kunna murhun gawayin da take ɗumama 'yan tsaki da shi, ina juyawa da shebur. Ta ciyar da ni da gwate mai zafi, irin faten mutanen Jos, ta nuna min inda zan yi salla. Duk Jos ɗin da na ci buri, iyakata dutse ɗaya da ɗakin kaji. A rana ta uku Alhaji ya ciza da kansa, ya ce a shigar da ita sito.

Da na dawo gida ban iya riƙe maganar ba, na gaya wa Baba komai. Bai yi faɗa ba. Sauran kwanakin hutuna yana aika masara wajen maƙwabci a ciza masa, ina ji ina gani.

Har yau ina jin kunyar abin, amma ba na baƙin cikin tafiyar. A can na gane cewa wanda ya dogara da kai saboda ƙarfinsa ya ƙare, shi ne mafi sauƙin cuta, kuma shi ne cutarsa ta fi muni. Yanzu ni ke riƙe da fataucin, duk kaka kuma akwai buhu ɗaya da ake saukewa a ƙofar Mama.

Bayan waccan tafiyar, ranar da na dawo wani hutun, na tarar ana shirin ɗinke buhuna, mota tana jira, direba yana ta hon. Baba ya dube ni, ya miƙo min ƙwaya. Na ciza.

"Ba ta yi ba, Baba. Sai jibi."

Ya juya wajen direban ya ce, "Ka ji abin da haƙorina ya ce. Sai jibi."