Tsohuwar Kwamfutar Yaya

Sukudireba ake ce masa a layin masu gyara, don ko gaisuwa za shi tana soke a aljihunsa. A wurinsa duk abin da ya gaza, a buɗe cikinsa a canza masa kaya. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, amma manhaja bai ɗauke ta a bakin komai ba, wai kwalliya ce kawai.

Yayansa tela ne, gwanin wasan ces, darar nan ta Turawa mai sarki da doki, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi, ya daina magana da kowa. Sukudireba ya dawo da shi ɗakin bayan shago, ya ajiye masa wata tsohuwar kwamfuta mai wasan ces. Da farko Yaya ya yi ta lallasa ta da hannun hagu. Da ya ga kullum shi ke ci, sai ya juya wa bango fuska, abinci ma sai an yi da gaske. Tsoro ya kama Sukudireba, don ya ga yayan nasa yana sallama rayuwa a hankali.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya farke kwamfutar, ya ƙara mata ma'adana, ya sa sabuwar fanka, ya sauya mata injin da ya fi sauri. Ta koma tana gurnani kamar janareta, amma wautarta na nan, sai dai yanzu da sauri take yin ta. Yaya ya cinye ta yana hamma.

Maƙwabciyarsa mai shagon buga takardu ta leƙo ta tarar da shi cikin wayoyi.

"Maƙwabci, ka ba ta ƙafafu, ai kai ne ba ta da shi. Manhajar ta tsufa, ka sa mata sabuwa."

Ya yi musu, ya ce ƙarfi a ƙarfe yake. Da ta tafi, ya leƙa ko ana kallonsa, ya sauke sabuwar a ɓoye.

Washegari ya tura teburin kwamfutar gaban gadon Yaya. Yaya ya taɓa wasan a kasalance. Can sai ya gyara zama. Ya kai hannu, ya janye, ya ƙura wa allon ido har shayinsa ya huce. Kwamfutar ta ɗauke masa doki, ta bi da sarauniya, ta rufe masa sarki ruf.

Sukudireba ya zaci ran Yaya ya ɓaci. Ya miƙa hannu zai kashe ta yana ba da haƙuri. Yaya ya buge hannun, fuska a murtuke, irin fushin da ya saba yi wa almakashi mara kaifi. Ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"Bar ta. Sake jerawa."

Sukudireba ya sake jerawa cike da daɗi. Yaya ya jawo kwanon abincin da ya ƙi tun safe, yana ci yana hararar allon.