Matar da Ta Ari Idona a Bakin Kogo

Wata rana, a hutun ƙarshen zango, na saɓa jakata a baya na hau bas daga Budapest, inda nake karatun jinya, na nufi Ljubljana.

Kar ku wahalar da harshenku. "Lubliyana" ake cewa. Babban birnin Slobeniya ne, amma wallahi Funtuwa ta fi shi hayaniya.

Ni kaɗai. Daga ni sai jakata, sai ƙuli-ƙuli da yajin da na ƙulle a leda.

Jama'a, garin nan ya tafi da ni!

Kogi kore shar ya ratsa tsakiyarsa. Ba mota a tsakiyar gari, sai kekuna da masu yawo a ƙafa. Ga wata gada, kowace kusurwa an girke dodo mai fukafukai. A kasuwa har injin madarar shanu na gani, ka tara kwalba ya tsiyaya maka. Na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu.

Da yamma na kira Innarmu ta bidiyo, na ce mata gobe kogo zan shiga.

Ta ce, "Ke Lubabatu, duk faɗin ƙasar Turawa ba abin da ya yi miki sai rami?"

Tana da dalili.

Ina yarinya na taɓa faɗawa tsohuwar rijiya a bayan gidanmu. Ba ruwa a ciki, amma na daɗe kafin a ji kukana. Tun daga ranar, ko ɗaki ba na zama in an rufe taga.

Duk da haka na ce sai na shiga. Na gaji da gudu.

Washegari na isa Postojna, garin da kogon yake. Na bi layi. Wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ne, ba rufi, yake kwasar mutane ya shige da su cikin dutse.

Ina isa bakin kogon, wata iska mai sanyi ta fito daga duhun ta bugi fuskata.

Shi ke nan.

Na tsaya cak. Mutane na wuce ni, har da yara masu tsalle, ni kuwa na kasa gaba.

Na juya zan koma.

Sai na ji an riƙe min hannun riga.

Wata dattijuwa ce, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, jakarta ta baya ta fi tawa girma. Ta yi min sallama, ta ce daga Bosniya take. Da Turancinmu na lallaɓawa muka fahimci juna.

Ta ce, "'Yata, ina za ki? Hanyar ai nan ce."

Na ce, "Na fasa, Mama. Duhu nake tsoro."

Ta ce, "Ni ma. Likita ya ce idona rufewa yake yi, kuma ba magani. Ganin nesa ya riga ya tafi. Na taho tun daga garinmu, amma rabin abin da ke ciki ba zan gani ba. Ki ara min naki."

Ku faɗa min, wa zai iya cewa a'a?

Muka zauna kujera ɗaya. Jirgi ya ja. Na runtse ido gam, ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai na ji mintsini a cinya.

"Na ari ido, kin rufe min shi?"

Na buɗe.

Allahu Akbar!

Jama'a, gari guda ne a ƙarƙashin ƙasa! Duwatsu na reto daga sama kamar an shanya taliya. Wasu sun tsiro daga ƙasa, farare sol, sun fi ni tsawo. Wani kamar labule, har da ninki, haske na ratsa shi.

Na fara ba ta labari.

"Mama, damanki! Ja ne, kamar an zuba manja! Sama, sama, ga wani kamar kunnen giwa!"

Tana ta tafi tana cewa, "Ƙara! Me kuma?"

Da muka sauka aka ci gaba da ƙafa, hannunta na cikin nawa. Ina gaya mata inda ke da santsi, tana gaya min in daina sauri, ba kasuwa za mu ba.

Kusa da mafita aka nuna mana wata 'yar halitta a cikin ruwa, doguwa, fara, ba ta gani sam. A duhu take rayuwarta.

Mama ta kusa manna hanci da gilashin. Ta daɗe. Sannan ta kwashe da dariya.

"Ga 'yar'uwata. Ji yadda take iyo abinta!"

Na yi dariya har da hawaye, ban sani ba ko na dariya ne ko na kuka.

Muna fitowa rana ta dalle mu. Ta rungume ni, ta gyara zaman jakarta, ta ce ita teku ta nufa, tana so ta ga shuɗinsa tun yana shuɗi.

Bas ɗinta ya tashi tana ɗago min hannu ta taga, ɓangaren da ba na tsaye.

Na zagaya da gudu don ta same ni.

Darasi: Wani tsoron ba ya tafiya don ka yi ƙarfin hali. Yana sakinka ne ranar da wani ya buƙace ka fiye da yadda kake buƙatar gudu. Kuma idon nan da kake karanta wannan da shi, wani roƙonsa yake a ara masa. Ka kalli duniya da shi tun yana gani.

Akwai wanda ka sani yana tsaye a bakin nasa kogon, ya kasa shiga? Tura masa wannan yanzu.