Layukan Ruth a Cikin Fiffike

Har yau ban manta da ranar da Baba Walter ya shigo shagonmu ba. A kakar 1982 ne, ina shekara ta uku a wani shagon yankan ƙarfe da ke titin Wendover. Na zo birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, karatu daga Zariya, na kama aikin don in riƙe kaina, ƙarshe aikin ya riƙe ni har ritaya. Lokacin ni ne a kan babban injin yanka, irin wanda ake taka wa ƙafa wuƙar ta sauko. Tsarin shagon mai sauƙi ne: mai kaya ya ja layinsa, mu mu yanka. In layi ya karkace, ba ruwanmu.

Dattijo ne dogo, ya bar aikin masaƙa, yana zaune a Pleasant Garden, wani ɗan gari kusa da mu. Ya kawo fallen alminiyam guda a bayan akori-kurarsa, ya lulluɓe shi da bargo kamar jariri. Ya ce jirgin sama yake haɗawa a garejinsa, mai kujera biyu. Na ce a raina, ikon Allah, mutanen nan ba abin da ba za su taɓa ba! Ashe ana sayar da irin jiragen nan a akwati, a aiko maka da zane da ƙarafa, kai za ka auna, ka yanka, ka lanƙwasa.

Da ya yaye bargon sai na tsaya. An zana fallen kakaf da shuɗin alƙalami, kowane yanki an juya shi ya shige cikin ɗan'uwansa, ko faɗin tafin hannu ba a bari ya tafi a banza ba. Mahaifina tela ne, na tashi ina kallon yadda yake jan alli a kan shadda. Na ce, "Baba, wannan hannun tela ne."

Ya dube ni da kyau. Ya ce, "Matata ce, Ruth. Ɗinki take yi. Ta zana shi a teburin cin abinci tana daga zaune, don lokacin ba ta iya tsayuwa. Watan jiya muka binne ta."

Na yi masa ta'aziyya, na ɗora fallen a kan inji. Nan na hango matsala. Ku da kuke sabbi a sana'ar nan, ku riƙe wannan: alminiyam yana da jijiya. Injin da ya murza shi a masana'anta yakan bar masa hanya guda, sai ka karkata shi a haske za ka gan ta. In ka lanƙwasa shi a kan tsawon jijiyar, yakan yi 'yar tsaga da ido ba ya gani, girgizar jirgi kuma ta yi ta buɗe ta. Ruth ta san hanyar zare a yadi sarai, amma ƙarfe sumul ta gan shi ta ko'ina. Garin tattalin wuri, ta kwantar da maƙalan da ke riƙe fiffike, waɗanda dole a lanƙwasa su, daidai yadda bai kamata ba.

Na je wurin fomanmu Dale, wato shugaban ma'aikata. Ya ce, "Habu, layinsa ne. Amma ni ma ba zan so in ji labarinsa a rediyo ba. Je ka gaya masa."

Wallahi na fi son a ce in ɗauki injin a ka. Na gaya masa dai, a hankali, na nuna masa jijiyar a bakin ƙofa inda rana take. Na ce ya sayi wani fallen, wannan ya ajiye shi a gida don tunawa.

Ya girgiza kai. "Ba don a jingina a bango ta zana ba. Da tana raye, ita ce za ta fara hawa kujerar nan ta biyu. Wannan fallen zai tashi, ko kuma in rufe garejin."

Ya fara mayar da bargon. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Da na taya shi ɗaga fallen sai na ga bayansa fes, ba ko ɗigo. Na ce, "Baba, dakata. In muka zana sabon layi a baya fa? Nata ba mai gogewa."

Ranar Asabar da hantsi ya dawo da zanen jirgin. Muka yanka kowane yanki a takardar ƙunshi, muka fara jera manya da dogaye, kowanne a gicciye da jijiya, sannan ƙanana suka cike gurabe. Sai da muka tarwatsa jerin muka sake sau da yawa, don wani maƙali ya ƙi samun wuri, ni kuwa har na fara yi wa takarda faɗa da Hausa. Baba Walter ne ya juya shi ya cusa shi a kusurwa, ya ce haka Ruth take yi da hannun riga. Ya shiga cif. Na yi bisimilla na taka injin.

Duk yankin da ya faɗo, in ka juya shi, ga shuɗin layinta ya ratsa. Ya riƙa ɗauka yana shafawa da babban yatsa.

Bayan shekara biyu ya kira ni wani ƙaramin filin jirgi a kudancin gari. Ya yi mini tayin kujerar ta biyu. Na ce a'a, Baba, ni na yanka, amma ƙafata a ƙasa take jin daɗi! Ya yi dariya har da hawaye. Ya buɗe 'yar ƙofar dubawa a ƙarƙashin fiffike, ya haska mini tocila. Layukan suna nan.

Abin da na koya ke nan, shi nake gaya wa duk wanda na ɗora a kan inji: kada ka yanka layin da zai kashe mutum, kada kuma ka goge shi kafin ka tambayi wanda ya ja shi. A ranar nan Baba Walter ya rufe 'yar ƙofar, ya ɗan bubbuga fiffiken, ya ce, "To, Ruth, mu tafi."